Kwanson Harsashi a Aljihun Mustafa

Ku matso, ku kasa kunne. Ga ta nan, amma ba tatsuniya ba ce. Ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa.

Aikin ido ya kai ni Alƙahira. Na sauka wajen jikana Mustafa a unguwar Madinat Nasr, inda yake karatun shekara biyu kan laifuka da shari'a: yadda ake kama mai laifi, yadda ake adana shaida. Maigidana nake ce masa, shi kuma yana ce mini amarya.

Ran nan bayan asuba ya dafa shayi, ya ɗiga mini magani a ido. Na ce, "Maigida, wannan karatu naka zai ciyar da mace kuwa?" Ya ce, "Amarya, ke ce mai laifin da zan fara kamawa." Muka yi dariya.

Hantsi bai gama fitowa ba muka ji jirgi mai saukar ungulu. Sai harbi, daga wajen filin da masu zanga-zanga suka kwana. Da farko ɗai-ɗai. Daga baya babu numfasawa. Hayaƙi mai sa hawaye ya shigo ta taga, idon da aka yi mini aiki ya kama wuta.

Kafin azahar harbin ya iso layinmu. Ammu Sayyid, dattijon da ke gadin gidan, ya fita rufe ƙofa. Ƙara ɗaya muka ji. Da muka sauko yana kwance a bakin ƙofa, makulli a hannunsa. Ba ruwansa da kowace zanga-zanga.

Hajja Zainab, maƙwabciyarmu Bahaushiyar Sudan, ta yi ihu: "Yalla! Ku fito! Mu tafi unguwar Ainu Shams, gidan ƙanwata!"

Kowa ya ruga. Mustafa ya tsaya. Ya hango kwanson harsashi a bakin titi. Ya ciro hankici ya ɗauke shi, bai bari yatsansa ya taɓa ba. Ya saka a leda, ya ƙulle, ya zura a aljihu. Haka malamansa suka koya masa. Ya ce wata rana alƙali zai tambayi wanda ya kashe Ammu Sayyid.

Muka bi lunguna. Takalmina ya tsinke, na bar shi. Mustafa ya goye ni, ni da na goye shi yana jariri. Gilasai na fashewa. Wata mata na kiran sunan ɗanta, ba mai amsawa.

Da la'asar muka sami ƙaramar bas. Ba mu yi nisa ba sai shingen jami'an tsaro.

"Maza, ƙasa! Hannu sama!"

Aka laluba mazan ɗaya bayan ɗaya. Aka ciro ledar. Mustafa ya fara bayani da Larabcinsa mai kyau, yana cewa shaida ce, shi ɗalibi ne. Gindin bindiga ya rufe masa baki. Na fito ina kiransa. Wani yaro mai kaki, bai kai shi shekaru ba, ya hankaɗe ni cikin motar.

"Khalas! Tafi!"

Motar ta tashi da ni a ciki, babu Mustafa.

Ina so in ga malaman nan ido da ido. Sun koya masa ɗaukar kwanso da hankici. Ba wanda ya gaya masa wa zai laluba aljihunsa. Shekara biyu yaro na haddace haƙƙin wanda aka kama, ran da aka kama shi ko ɗaya bai samu ba. Wanda ya harbi Ammu Sayyid kuwa a gidansu ya kwana.

Ammu Sayyid, danginsa suka kai shi ƙauyensu suka binne. Hajja Zainab ta yi wata uku tana bin ofisoshin 'yan sanda da ni, sannan ta koma Sudan. Ni aka mayar da ni Zariya, idon ya warke, ina gani sarai. Mustafa, jarrabawa ɗaya ta rage masa. Har yau ba a ce yana raye ba, ba a ce ya mutu ba.

Nan ta tsaya. Ƙarshenta ba ya hannuna.