Kaskon Turare a Cikin Injina

Injin leza da nake yanka katako da zafin haskensa a gidanmu na unguwar Cheras, a nan ƙasar waje, ya fara raina mini hankali. Katakon da yake hudawa a zagaye ɗaya, sai ya yi uku bai ratsa ba. Na canza ruwan da ke sanyaya shi, na rage gudunsa, na tsine wa wanda ya sayar mini. Kwana tara ina wannan fama.

A rana ta goma na dawo da wuri, na tarar da yayata, wadda ta zo daga Kano ganin likita, ta ɗage murfin injin ta ajiye kaskon turaren wuta a ciki.

"Yaya, mene ne haka?"

"Abin nan naka ƙauri yake yi. Kullum sai na turara shi, ko sannu ba ka taɓa ce mini ba."

Na ciro gilashin da ke tattara hasken, maiƙon turare ya lulluɓe shi. Ina gogewa na mayar da shi, injin ya huda katako nan take.

Yaya ta shinshina ta ce, "To ka ji, ƙaurin ya dawo. Miƙo mini kaskon."