Dutsen da Muke Shanya Citta

Jiya na bi ta bayan kasuwar Kafanchan, ƙamshin citta da aka tsaga ya daki hancina, sai na tsaya cak. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, abin da zan faɗa maka ba abin alfahari ba ne a wurina.

A ƙauyenmu, can gefen Madakiya, akwai wani falalen dutse a bayan coci, shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya kusa filin ƙwallo. Da zarar ruwa ya ɗauke aka tono citta, sai mata su kwaso ta a daro, su zauna a inuwar ɗorawa suna tsagawa, su baza ta a kan dutsen. Kowace mace ta san gefenta, ba a taɓa ja layi ba, ban kuma taɓa jin an yi faɗa a kai ba. Gefen kakata yana daga gabas, ita ta bar wa Mama shi. Citta ba ta son ƙasa. In ta sha laima sai ta yi fumfuna ta yi baƙi, wahalar shekara guda ta tashi a banza. Dutsen kuwa yana shan rana ya riƙe zafi har faɗuwarta.

Mu 'yan mata aikinmu juya citta da korar awaki. Hannuwanmu su yi ta raɗaɗi, kakata tana cewa, "Kar ki taɓa ido!" Ni kuwa da taurin kai kullum sai na taɓa, in yi ta kuka ana mini dariya. Da yamma in an tattara shanya, dutsen ya zama namu. Mu yi carafke, maza su yi langa, tsofaffi su zauna dara a gefe suna yi wa juna tsiya. Ɗumin dutsen nan a tafin ƙafata, har yau ina jin sa.

Na girma, na yi karatu, na kama aikin koyarwa a Kaduna. Sai ƙungiyarmu ta 'yan gari mazauna birni ta ce a gina wa ƙauye wurin wasa da shaƙatawa. Niyyar mai kyau ce, don samari a hanyar mota suke buga ƙwallo. Ni aka ɗora sakatariya. Muka zo duba wuri a watan Agusta, lokacin taronmu na shekara, damina ta yi tsaka. Dutsen ba kowa, sai gansakuka da santsi. Injiniyan da muka kawo ya ce, "Ai wannan wuri zaman banza yake yi." Muka tambayi dagaci, muka tambayi fasto, muka tambayi shugaban matasa. Mata suna gona suna cire ciyawa, ba wanda ya ce a jira su. Ni da nake mace, ni da na ci kukan citta a wurin, da birona na rubuta a fasa dutse a daidaita fili. Allah ya sani, ko sau ɗaya rani bai faɗo mini a rai ba.

Ana saura mako guda Kirsimeti na taho gida don bikin buɗewa, ina ta ɗoki. Tun kafin mu shiga gari na hango wani abu fari-fari a gefen kwalta, dama da hagu. Citta ce. Mata suna zaune a bakin titi suna gadinta. Wata tirela ta taho tana danna hon, ga wata tsohuwa a sunkuye tana tsince wadda taya ta watsa, ba ta ko ɗaga kai ba. Iskar motar ta fizge mata ɗankwali, sai na ga furfurar da na sani.

"Yesu! Direba tsaya, uwata ce!"

Na fito da gudu. Na ce mata da yarenmu, "Mama, me kike yi a bakin titi? So kike mota ta kashe ki?"

Ta dube ni, ta amsa da Hausa. Mama kuwa ba ta yi mini Hausa sai ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Sannu da zuwa, Malama. Shanya nake yi. Ko nan ma za ku fasa?"

Na juya. Na nufi bayan coci kamar mahaukaciya. Babu dutse! An sa masa nakiya, an kwaɓa tsakuwarsa da siminti an yi dandamalin ƙwallon kwando. Ga lilo an shafa fenti, ga waya an kewaye, ga ƙofa da kwaɗo ana jiran ranar manyan baƙi. Makullin kuma yana cikin jakata.

Ban nemi izinin kowa ba. Na buɗe ƙofar, na koma titi da takalmina mai tsini, na ɗora daron Mama a kai. Sauran matan suka biyo mu. Mama ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a simintin, ta daɗe. Ta ce, "Wannan ba zai riƙe zafi ba." Sannan ta miƙe, ta dubi ɗorawa, ta dubi coci, ta taka a hankali zuwa gabas, ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙarfen kwando.

"Nan ne gefen kakarki," in ji ta. Na sauke daron a nan.

Mun sha rigima a kwamiti, har wani ya ce na kunyata ƙungiya. Amma yanzu duk rani ƙofar a buɗe take kwana, safiya ta citta, yamma ta ƙwallo. Samari na murna, jikokin Mama na rububin lilo, ba kuma macen da ke shanya a titi. Sai dai cittar da a da take bushewa da wuri, yanzu sai an yi ta juyi ana fargabar fumfuna.

Mama ta ce ta yafe mini, muna hira muna dariya da yarenmu. Amma har yau, in zancen filin nan ya taso, Hausa take yi mini.