Yallaɓai a Bakin Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana masinja a ofishi guda, a kan benci guda, bakin ƙofar shugaba. Shugabanni tara suka zo suka wuce, kowanne ya same shi a nan ya bar shi a nan. Aikinsa kai fayil, dafa shayi, da cewa "Yallaɓai."

Kalmar manya ce, ta masu mulki da masu hali, amma Baba ya riƙe ta yadda tela ke riƙe almakashi. In ya faɗe ta a gajarce, ya ji ne, zai yi. In ya ja ta, "Yallaɓaaai," to shugaba na shirin tafka kuskure, kuma ba mai iya gaya masa sai ta haka. Har Inna yakan ce wa Yallaɓai in ta ɗaure fuska, ita kuma ta yi tsaki tana ɓoye dariya.

Ni kuwa na tsani kalmar nan. Ranar da na je ofishin in nuna masa takardar kama aikina, na tarar ya rusuna wa wani sa'ana, yana ta Yallaɓai, Yallaɓai, mutumin ko ɗago kai bai yi ba. A hanyar gida na kasa haɗiyewa.

"Baba, wai ba ka gajiya da zubar da kanka?"

Ya tsaya ya dube ni. "Da ita na sa ka makaranta," in ji shi. Ya ci gaba da tafiya.

Shekara shida muka yi muna gaisawa sama-sama. Kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri, girman kai yana hana ni. Ni ma fa a lokacin an fara kirana Yallaɓai a wurin aiki, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin yana mini daɗi.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta kwashe masa magana kaf, ta bar masa kalma ɗaya tak. Ruwa yake so, Yallaɓai. Bayansa ya gaji da kwanciya, Yallaɓai. Ranar da aka kwana uku, Inna ta buga mini waya.

"Ka zo ku daidaita da ubanka tun yana ji. Jikin nan ba na gane masa."

Daga ofis na wuce asibiti, da kwat ɗina da katin aiki rataye a wuya. Na durƙusa gefen gadon, na kama hannunsa.

"Baba, ni ne. Ka yafe mini abin da na faɗa."

Ya kalli kwat ɗin, ya kalli katin. Sai ya zare hannunsa, ya dafa ƙarfen gado da hannun mai lafiya yana kiciniyar miƙewa, gumi na keto masa.

"Yallaɓai," ya ce, kansa a ƙasa.

"Kwanta, Malam, ɗanka ne fa!" Inna ta faɗa tana riƙe shi.

Na fita baranda na yi kukan da ban taɓa yi ba. Na ce wa kaina laifin kayan ne.

Washegari na dawo cikin tsohuwar rigata ta zaman gida, da silifa a ƙafa. Ina shiga ɗakin ya yunƙura zai tashi.