Telan da Kaka ba ta faɗi sunansa ba

"To mi sunanshi, Kaka?" Haka nake katse ta kullum, ita kuma ta ɗaga ludayin da take juya gujiya da shi kamar za ta ƙwala mini. "Kai ne mijina yanzu, kishi kake da matacce?" Sai yaran gidan su fashe da dariya, tambayar ta bi iska.

A gidanmu na unguwar Wadata ne. Da an yi sallar isha'i kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, tele ta mutu, sai mu kewaye murhun gawayin da Kaka take soya gujiyar da za ta kai bakin titi da safe. Uwar babana ce, ƴar Maradi. Gatana iri-iri gare ta, na kura, na aljanu, na Gizo. Amma akwai ɗaya da ba ta cika bayarwa ba, sai ranar da ta yi shiru tun la'asar. Shi ne na tela.

Wai an yi wani tela a kasuwar Maradi, saurayi mai keke ɗaya da amarya ɗaya. Lokacin Nasara ke riƙe da ƙasa. Sai Nasara suka tambayi mutane: ku zauna tare da mu, ko ku kama gabanku? Tela ya ce a'a, ba za a zauna ba. Ya dinga rufe rumfarsa yana hawa bayan kamyo, babbar motar kaya, ƙauye zuwa ƙauye, yana ce wa manoma gujiyar da suke nomawa tasu ce, hanyar da aka tilasta wa iyayensu su gina ma tasu ce. Da aka jefa ƙuri'a, masu cewa i suka rinjaye.

Ba a daɗe ba Nasara suka tattara da kansu, suka miƙa mulki ga waɗanda suka ce musu i. Tela bai yi fushi ba, in ji Kaka. Shi ya kwana biyu kan keke yana ɗinka tutoci, yana cewa ko ta hannun wa ƴanci ya zo, ya dai zo.

A nan take rage murya. "Sai sunka zo. Ba Nasara ba, ɗiyan ƙasa. Da Hausa sunka yi mai sallama. Guda cikinsu ma shi ya ɗinka mai wandon da ke jikinai." Suka ce tambaya kaɗai za a yi masa. Yana tsakiyar ɗinka wa amaryarsa riga, ya ce ta bar ta nan ƙarƙashin allura, yanzu zai dawo ya sa ɗayan hannun. Aka yi arewa da shi, gidan kaso cikin hamada. Ba gawa, ba salla, ba takaba. Amarya ta jira har malamai suka raba auren.

Mu yara haushi muke ji. Ba kura, ba dabara, mugu bai sha kashi ba. Kuma duk gatanan da Kaka ta bayar sai ta rufe shi da ƙurunƙus, mu san wasa ne. Wannan kam sai dai ta sauke kasko ta ce a je a kwanta. Ban taɓa lura ba sai da na girma.

Bayan rasuwarta ana raba kayanta, Gwaggo, ƙanwar babana, ta zaro wata tsohuwar rigar atamfa daga ƙasan akwati. Hannu ɗaya. Na ce Gwaggo, wannan fa? Ta dube ni ta ce ashe ban sani ba, kafin kakanmu, Kaka ta yi wani aure a Maradi. Ba su haihu ba.

Na ce to sunansa? Gwaggo ta ce ita ma ba ta sani ba. Mace irin ta da ba ta kama sunan mijinta, balle mijin fari, ko da kuwa shi kaɗai ya rage a duniya. Kaka in za ta ambace shi sai ta ce "mai keken nan". Sauran mutane kuwa tsoro ya rufe musu baki, don a wancan zamanin sanin irin su tela ma laifi ne. Da tsoron ya wuce, ta riga ta shiga gidan wani, ba ta iya kawo zancen wani namiji. Babana da na tambaya, cewa ya yi in bar matattu su huta.

Ban bari ba. Da na kai kayan shagonmu Maradi na shiga layin teloli ina tambaya. Tsofaffin sun ƙare. Wani saurayi yana danna waya ya ce mini wane tela kuma, ai teloli sun yi yawa.

Yanzu kullum in na fito daga Babbar Kasuwa kan babur, ina ganin alluna sababbi. Ana cire sunayen Nasara daga tituna ana sa namu, ana tafi, ana ɗaukar hoto, ni ma na ɗauka. Amma manya ne, masu hoto da tarihi. Wanda ya hau bayan kamyo ya ɗinka tuta, ko addu'a in zan yi masa sai dai in ce Allah Ya jiƙan mai keke. Kaka kaɗai ta san sunan, kunya ta hana ta faɗa, ta tafi da shi kabari. Abin da ya rage rigar ce, tana cikin leda ƙarƙashin gadona, kuma asu ya fara cinta.

Shi ya sa na rubuta wannan. Ku ƴan Maradi, ku da tsofaffinku ke da sauran numfashi, ba wanda ya taɓa jin an ambaci wani tela da jandarma suka ɗauka ya bar riga ƙarƙashin allura?