Hannun Inna a Kafaɗata

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a ɗebo mata ruwa, ni kaɗai ne kuma a tsakar gida, sai ta dubi katanga ta ce, "Wai babu mai hannu ne a gidan nan?" Ni ne mai hannun. 'Yar garin Sule Tankarkar ce, aure ya kawo ta Gumel, ta kuma taho da kunyarta cif, ko kaɗan ba ta zubar a hanya ba. Ranar da na kawo takardar digirina na kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ƙanwata ta miƙa mata tana ta tsalle. Inna ta juya takardar gaba da baya ta ce, "A ajiye inda ɓera ba zai kai ba." Iyakar barkar da na samu ke nan, kuma ban yi tsammanin fiye da haka ba.

Bayan bautar ƙasa na yi aiki a wani ɗan ɗakin gwaji kusa da kasuwar Gumel. In ɗebi jini, in shafa a gilashi, in leƙa ta madubi ina neman ƙwayar zazzaɓi, majinyacin kuwa yana tsaye a kaina yana rantsuwa shawara ce ke damunsa. Ina son aikin, amma ɗakin ya yi mini kaɗan. Da na ji sojan sama suna ɗaukar masu digiri irin nawa don asibitocinsu, na cike takarda ban yi shawara da kowa ba. Baba ya riga ya rasu a lokacin. Da sunana ya fito, Kawu, yayan Inna, wanda ke dillancin shanu a Maigatari, ya bi kasuwa kaf yana shelar ɗansa zai tuƙa jirgi. Na ce masa, "Kawu, jinin matuƙan kawai zan riƙa dubawa." Ya ce, "To ai ka fi su. Sai ka ce su tashi sannan su tashi." Na ƙyale shi, don ba a kayar da dillali a magana.

Horon bai san digiri ba. Aka yi mana aski ƙwal, muka yi gudu har na manta ina da gwiwa. Akwai wani saje da ba ya ce mini "Dokta" sai in zai sa ni birgima a taɓo. Ni mutum ne mai zuciya, gidanmu kowa ya sani, amma a can na koyi haɗiye ta ba ko ruwa. Na kuwa gama ban faɗi ko sau ɗaya ba, kuma har yau ina alfahari da wannan.

Ana saura mako biyu a yaye mu aka sanar cewa ranar bikin kowa zai kawo mahaifi ko mahaifiya su saka masa alamar muƙami a kafaɗa, a gaban jama'a. Abokaina suka hau kiran iyayensu mata ana shewa. Ni kuwa sai na tsaya tunani. Matar da ba ta taɓa dafa kaina a gaban mutum ba, ita za ta fito fili ta taɓa ni? Amma ita nake so ta saka. Ban taɓa roƙonta komai ba, wannan kam ina so.

Na kira ƙanwata na ce ta buɗe muryar wayar ta ajiye ta kusa da Inna. Haka muke magana dama, ta bakin wani.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, Inna ta ce Kawu zai je."

Na ce, "Ki ce mata Kawu ya zo, amma ba shi ya haife ni ba."

Na ji muryar Inna daga can gefe: "Ki ce masa mutane za su gani."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ki ce mata don mutane su gani ake yi. In ba ita ba, a bar kafaɗar haka."

Sai Inna ta ce, "Kashe abin nan." Aka kashe. Na yi nadamar ɗaga murya, amma ban janye ba.

Ranar bikin, muna fareti ina satar kallon rumfar baƙi. Na hango babbar rigar Kawu, na hango ƙanwata, can bayansu kuma ga Inna ta ja mayafi har goshi. Zuwan ma kaɗai ya isa abin godiya, don ba ta taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Da aka kira iyaye su fito, Kawu ne ya miƙe da alamun a hannu, 'yan ƙyallaye biyu masu ratsi da ake zurawa a maɗaurin kafaɗa a ɓalle da maɓalli. Inna ba ta motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, ba zan kunyata dattijo a gaban mutane ba, ya saka.

Kawu ya iso, ya kama maɗaurin, ya yi ta lalube. Sai ya waiwaya ya ɗaga murya: "Ke, taso ki taimake ni. Idona ba ya ganin maɓallin nan." Mutumin da ke hango kaska a kunnen saniya daga bakin titi, wai shi ne ba ya ganin maɓalli. Amma yayanta ne ya kira, kuma ba a ƙin kiran yaya.

Ta taso a hankali, idonta a ƙasa. Ban taɓa lura da gajartarta ba sai ranar. An ce mu tsaya ƙyam, amma na saki kafaɗar hagu ƙasa kaɗan, in saje ya gani ya gani. Ta karɓi ƙyallen, ta zura, maɓallin sabo ne yana gardama. Har ta ɓalle shi ba ta dubi fuskata ba.

Ta ce wa Kawu, "Alhaji, ka ce masa ya rame."

Kawu ya ce, "Ga shi nan a gabanki."

Hannunta dai yana nan a kafaɗata, aikin kuwa ya riga ya ƙare. Hawaye suka zubo mini, ga shi ba halin sharewa, ga manyan hafsoshi suna kallo, ban kuma damu ba. Kawu ya matso zai saka ta dama, tunda an riga an fita kunya da guda. Inna ta miƙa hannu ta zare ƙyallen daga hannunsa.

Ta ce, "Kawo. Ai ka ce ba ka gani."

Ta zagayo ta gabana da kanta, ta kama ɗaya kafaɗar.