Ɗingishin Jakin Alƙali

Shi dai ba alƙali ba ne, bai ma taɓa taka ƙofar kotu ba. Mai amalanken jaki ne, yashi da bulo yake kai wa magina. Sunan ya bi shi ne saboda tun yana saurayi ba a faɗin magana a gabansa ya bar ta ta wuce lafiya. In ka ce ka kwana da ciwon kai, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce idon mai ciwon kai ba haka yake ba. In ka ce mota ce ta makarar da kai, sai ya tambaye ka launinta. Da mutane suka gaji sai suka laƙaba masa Alƙali don ba'a, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in an kira shi da sunansa na ainihi ba ya waiwayowa.

An kai shi koyon ɗinki yana yaro, bai daɗe ba ya dawo, wai maigidansa kullum cewa masu kaya yake su zo gobe, alhali ko yanka yadin bai yi ba. An sa shi tsaron shago, ya riƙa gaya wa masu saye cewa sabulun maƙwabci ya fi nasu kumfa. Da ubansu ya rasu ya bar musu gida da amalanke, shi da ƙanensa da ake kira Ƙarami, sai Alƙali ya ga ya samu sana'ar da ta dace da shi, don abokin aikinsa ba ya magana.

Yana da karatu guda da yake yi wa duk wanda ya tsaya kusa da shi a rumfar mai faci, inda masu amalanke kan huta su sa iska a taya.

"Duk abin da ya iya magana ya iya ƙarya," in ji shi. "Mace, namiji, yaro, tsoho, duk ɗaya. Amma dabba? In jaki ya ji yunwa zai yi kuka, in ya ƙoshi zai yi birgima. Abin da ke cikinsa shi ne a fuskarsa."

"To kai fa, Alƙali?" mai faci kan ce, yana murza roba a cikin ruwa. "Ai kai ma kana magana, har ta yi yawa."

"Ni na zauna da jakuna, na ɗauki halinsu."

"Wannan kam ba mai musu."

A yi dariya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Jakuna da yawa sun wuce ta hannunsa, amma na ƙarshen nan, wani toka-toka mai tsagaggen kunne, shi ya fi shiga ransa. Amintacce yake kiransa. Wata shekara jakin ya taka ƙusa a wurin gini da ƙafar gaba ta hagu. Alƙali ya cire ƙusar, ya shafa man zafi, ya naɗe ƙafar da wani jan tsumma, ya ɗaure shi a inuwa. Dusa da safe, ciyawa ɗanya da yamma, ga susar wuya. Matarsa ta ce ita da ta haifa masa 'ya'ya ba ta taɓa ganin jinya irin wannan ba. Ya ce ita ai ba ta taka ƙusa ba. Ƙafa ta warke, aiki ya ci gaba, kowa ya manta, ban da jakin.

Aikin kuwa, in za a faɗi gaskiya, Ƙarami ne ƙashin bayansa. Shi ke lodi, shi ke saukewa, shi ke tura amalanke in ta kafe a yashi. Alƙali riƙon igiya ne nasa da ba da umarni. Gida ɗaya suke, ɗakuna na fuskantar juna, igiyar shanya ɗaya, matansu na aron gishiri ba a lissafi. 'Ya'yan Alƙali sun girma sun watse, na Ƙarami ne ke cika tsakar gida da ihu, suna kiransa Baba Babba. Ƙarami mutum ne mai haɗiye magana. Furfura ta fito masa, amma har yanzu in yayansa na faɗa ƙasa yake kallo.

Sai ciwon baya ya kwantar da Alƙali, daidai lokacin da mai bulon da suke yi wa dako ya samu babban aiki a kan tudu. Ƙarami ya riƙa fita shi kaɗai. Ranar da Alƙali ya samu sauƙi ya fito ƙofar gida, sai ya ga Amintacce ana ɗaura masa amalanke yana ɗaga ƙafar hagu, yana dangwala ta ƙasa kamar mai taka garwashi.

"Me ka yi masa?"

"Ba abin da na yi masa, Yaya."

"Ka dake shi. Ko ka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa."

"Wallahi ban taɓa shi ba. Ka duba kofaton, ba ƙusa, ba kumburi. Yaya, na lura da jakin nan. In ya ga amalanke sai ya fara ɗingishi. In an sauke kaya an juyo gida, da ƙyar nake riƙe shi saboda sauri. Tudun ne ba ya so. Ƙarya yake yi."

Da Ƙarami ya zagi ubansu da ya fi wa Alƙali sauƙi. Alƙali ya kwance jakin, ya nemo jan tsumman nan ya naɗe ƙafar, ya zuba dusa. Sai da rumfar mai faci ta cika, Ƙarami na zaune a gefe, sannan ya buɗe shari'a.

"Jama'a, ku zo ku ji sabon labari. Wai jaki ya iya ƙarya! Mutum ya nakasa dabbar da ba ta da baki, ya lalata mata ƙafar hagu, don ya san ba za ta kai ƙara ba, sannan ya ɗora mata laifi. Tun yana yaro na san shi. Maƙaryaci ne, shiru-shirun nan duk na munafunci ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ƙarami ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa.

"Yaya, ka zage ni a ɗaki na shanye, ba sau ɗaya ba. Yau a gaban mutane ka kira ni maƙaryaci, ina da surukai, ina da 'ya'yan da ke wucewa ta nan. A nan ka faɗa, a nan za ka janye. In ba haka ba, zan kwashe iyalina in bar maka gidan."

"Ka ji wata ƙaryar kuma," in ji Alƙali. "Ina za ka?"

Gida ya yi tsit. Matar Ƙarami ta fara wanke tukwanenta tana kifewa wuri guda. Matar Alƙali ta bi mijinta da magana a hankali.

"Maigida, ɗan'uwanka ne fa. Kalma guda ce. Waye zai ɗaga maka bulo da wannan bayan naka?"

"Gobe zan kai jakin rumfa kowa ya gani da idonsa. Shi zai ba ni haƙuri."

Da safe yana wanka ya tuna tsumman, wanda matar ta wanke saboda warin man zafi. Ya ɗaga murya daga bayan gida ya ce ta ɗaura wa jakin a ƙafar hagu. Ita kuwa ba ta saba da jaki ba, tsoron harbi take, don haka ta gabansa ta tsaya, fuska da fuska. Ta dubi hannunta na hagu, ta tsuguna ta naɗe ƙafar da ke wannan gefen, ta ƙulle tamau. Hagunta kuwa ita ce damar jakin. Ba ta sani ba, kuma ba wanda ya gaya wa jakin.

Alƙali ya fito da sauri, ya ja igiya yana gaba jaki na baya, yana shirya jawabinsa a zuci. An riga an kai amalanken rumfa don sa iska. Masu amalanke na nan, mai bulo ya zo cigiyar kayansa, Ƙarami na tsaye jikin bishiya. Amintacce na hango amalanke sai ya sunkuyar da kai, ya saki kunnuwa, ya ɗaga ƙafar da ke da tsumma, ya shiga dangwala ta.

"To ga shi!" in ji Alƙali. "Ku duba da kyau. Wannan ce dabbar da aka ce tana ƙarya. Ku dubi idonsa!"

Mai faci bai dubi ido ba. Ya ajiye famfon iska, ya karkata kai.

"Alƙali, tsaya. Jiya ba hagu ka ce ba?"

"Hagu ce mana."

"To yau dama yake ɗagawa. Ga hagun can ya kafa ta kamar turmi, duk nauyinsa a kanta."

Wani ya fara ƙyalƙyalewa, sai rumfa ta ɗauka. Mai bulo har da riƙe ciki. Wani ya ce jakin ya manta darasinsa, wani ya ce a'a, tsumma yake karantawa, inda aka ɗaura nan ne ciwo.

Alƙali ya duba. Ba wawa ba ne, nan take ya gane komai. Ya tuna ƙusa da dusa da inuwa. Ya tuna jiya da yamma ya hango jakin ta taga yana tono ƙasa da ƙafar da aka ce tana ciwo, ya kau da kai ya ce idonsa ne. Jakin ya ɗago ya dube shi da fuskar nan tasa ta salihai, ƙafa a sama, yana jiran a mai da shi gida.

Ƙarami bai yi dariya ba. Ya matso, ya sassauta murya.

"Yaya, ba sai ka ba ni haƙuri ba. Ka ce dai jakin ne ya yaudare ka. Mu ɗaura amalanke mu tafi, rana na yi."

Ba a taɓa sauƙaƙa wa mutum hanya kamar haka ba. Alƙali ya dubi fuskokin da ya shekara da shekaru yana yanke wa hukunci, kowa baki a buɗe yana jira. Ya gyara murya.

"Ciwon ne ya zagaya," in ji shi. "Dukan da ka yi masa ya bi jijiya ya sauka a ɗaya ƙafar. Yanzu duka biyun ne."

Ƙarami ya daɗe yana kallonsa, wannan karon ba ƙasa ba, cikin ido.

"To, Yaya."

Motar kaya ce ta zo ta kwashe su. Yaran suna ta ɗaga hannu suna kiran Baba Babba, shi kuwa yana bakin turke ya ba su baya, yana naɗe ƙafa ta biyu da wani tsumman. Ƙarami ya kama aiki wurin mai bulo, ya samu ɗaki a can gefen gari. In sun haɗu a hanya yakan gaishe da yayansa da ladabi, kamar yadda ake gaishe da baƙo.

Sai dai magana ta riga ta fita. Mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya ce jakinsa gurgu ne ƙafa biyu, ba shi da bakin ɗaura masa amalanke. Ciki kuma ba ya jira. Alƙali ya rage lodi, ya ɗaura igiya a ƙirji, ya shiga tsakanin sandunan amalanke da kansa. Matarsa ta bar yi masa magana a kai. In ya fita takan kwance tsummokin ta shanya, jakin ya yi ta zagaya tsakar gida yana birgima, ya yi ƙiba har wuyansa na sheƙi. In ta ji ƙarar taya a lungu sai ta mayar.

Tudun nan bai raga wa Alƙali ba. Baya ya riƙe, gwiwa ta kumbura, ya koma tafiya yana jan ƙafa, nasa ɗingishin na gaske. Kullum kuma dole ya bi ta gaban rumfa, don ba wata hanya. Mai faci kan ɗago kai daga kan taya, ya bar shi sai ya zo daidai, gumi na zuba.

"Sannu da aiki, Alƙali! Yau wace ƙafar ce?"