Hannun Baba Anatol

A Arlit, garin hamada, wanda ya raya bishiya ya yi aikin da ya fi gina ɗaki. Babanmu ya raya lemon tsami a gidan ma'aikata da aka ba shi, da ruwan wankanmu yake ba ta. Da tari ya kashe shi, aka ce mu tashi, gidan na mai aiki ne. Wanda ya karɓa abokinsa ne, Baba Anatol, tare suke shiga ramin haƙar ma'adinai, tare suke waƙa a majami'a. Ko makoki ba mu gama ba ya sare bishiyar, wai motarsa ba ta da wurin kwana.

Muka koma unguwar bukkoki da kakarmu Marta, 'yar Dogonduci. Bayan tuwo takan zauna gefen murhun gawayi, mu kuwa mu ja baya don zafi, ta yi mana tatsuniya. Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta jajibirin Lahadin Jinƙai, Lahadin da ke bin idin Paska. Ranar kowa ya je ya faɗi zunubansa, limaminmu ya yi ta roƙo a yafe wa juna. Kaka ta dawo tana tsaki.

"Ga ta nan tahe, ku ba ni kunnuwanku," in ji ta.

Wai Kurciya ce da sheƙarta a kan kuka. Kura ta zo neman zuma, ta cinna wa kukar wuta, har da ƙwan Kurciya. Ana nan, Kura ta faɗa rijiya. Ta ɗaga kai, sai ga Kurciya a baki.

"Ƙanwata, ki yafe mini!"

"Na yahe, har cikin zuciya," Kaka ta faɗa da siririyar murya.

"To, jefo igiya!"

"Ayya, Kura. Ai da ɓawon kuka aka tubka igiya, ke ko kin ƙone kukar."

Ƙanena ya tambaya ko Kura ta fito. Kaka ta ce, "Tana can. Ƙurunƙus, ku tahi ku kwanta."

Washegari ta sa zanenta mai kyau, ta yi waƙar jinƙai da ƙarfi fiye da kowa. Amma sai da ta ga inda Baba Anatol ya zauna kafin ta zaɓi benci, don kada lokacin gaisuwar salama hannunsa ya iso gare ta. Haka ta yi kowace shekara har ta rasu. Ni ma na gaji abin, kuma ban ji kunya ba. Na tsani mutumin nan.

Bara, a wannan idin, majami'a ta cika, na makara, wuri ɗaya ya rage, kusa da shi. Ya tsufa, yana irin tarin Babanmu. Aka ce a yi gaisuwa, ya miƙo hannu. Na kama, na matse da gangan, na ce, "Ni ce ɗiyar Yakubu, mai bishiyar lemo."

Fuskarsa ta washe. "Allah sarki, Yakubu! Wace bishiya, ɗiyata?"

Har yau ina juya wannan tambaya. Na yi ta zaton yana ƙasan rijiya yana jiran igiyarmu, ashe mutumin barcinsa yake sha. Yafiyar da muka hana shi, muna lallaɓa ta kamar dukiya, bai taɓa sanin yana bukata ba. Wannan ya fi sarar bishiyar ƙona mini rai.